Fitilar da ke kashe ido a hanyar Kumasi zuwa Accra

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gilashin ido mai ruwan ɗorawa zai yi maka maganin fitilun da ke kashe maka ido da dare a hanyar Kumasi zuwa Accra. Ban ba ka shawarar sa shi ba. Duk gilashi mai launi yana rage hasken da ke shiga ido, kai kuwa kana bukatar ganin tirelar da ta lalace bayan Konongo, wadda ba ta da alama sai ganyen da aka zube a kwalta.

Da yawa daga cikin fitilun nan ƙwan LED ne da aka cusa a gidan fitilar da aka ƙera don halojin, sai hasken ya watsu har fuskar mai tahowa. Haka ma idan an danƙare but da kaya, gaban mota yakan ɗaga. Ka leƙa Suame, unguwar makanikai a Kumasi, a daidaita maka fitilarka, domin wataƙila kai ma kana cutar da wasu.

In mota ta tunkaro ka da ful, wato babbar fitila, ɗaga ƙafa daga totur, ka mai da ido gefen dama na titi, tunda dama muke bi a Ghana tun 1974. Don Allah kada ka rama. Makafi biyu ke nan a titi ɗaya. Goge gilashin gaba ta ciki ma, musamman lokacin ƙurar hunturu.

Idan kuma abin yana ƙaruwa da shekaru, je asibitin ido a duba ko yanar ido ce ta fara.