Tambaya da Amsa: Wane Littafin Atisaye Ya Cancanci Kuɗinku?

Wasiƙun wannan wata kusan duk bakinsu ɗaya. Jarrabawa ta ƙarato, iyaye da ɗalibai suna son sanin littafin da za su saya. Malaman lissafi da na harsuna masu kula da wannan fili ne suka ba da amsa.

TAMBAYA: Ɗana yana ajin ƙarshe na sakandare. Na saya masa littattafan tambayoyin baya na lissafi guda biyu, kullum yana karanta su, amma ya faɗi jarrabawar gwaji ta makaranta. Wanne zan ƙara masa kafin WAEC? Daga wani uba, Gusau.

AMSA: Malam, kada ka ƙara ko ɗaya tukuna. Ka karɓi waɗanda yake da su ka buɗe baya. Idan abin da ke wurin haruffa ne kawai, 1 B, 2 D, 3 A, to littafin rabin aiki yake yi. Lissafin WAEC takarda biyu ne. Ta farko tambayoyin zaɓi 50 ne cikin awa ɗaya da rabi. Ta biyu tambayoyi 13 ce, ana amsa 10 cikin awa biyu da rabi: biyar na sashen farko dole ne, maki 40, sannan a zaɓi biyar cikin takwas na sashe na biyu, maki 60. A wannan takarda ta biyu ba amsar ƙarshe kaɗai ake dubawa ba. Akwai makin hanya, akwai makin daidaito, kuma na daidaito yana rataye ne a kan na hanya. Yaron da ya rubuta amsa daidai ba tare da nuna yadda ya iso gare ta ba zai iya tashi hannu rabbana, wanda kuwa ya bi hanya daidai ya yi tuntuɓe a layin ƙarshe zai kwashi mafi yawan makin. Saboda haka littafin da ya dace shi ne wanda ya warware kowace tambaya layi bayan layi, ya kuma jera tambayoyin bisa darasi, ba bisa shekara kaɗai ba.

Sai kuma abin da ka ce, wai yana karantawa. Nan gizo ke saƙar. Wanda ya bi warwarar littafi da ido zai ji kamar ya gane, domin kowane layi yana da ma'ana idan wani ne ya rubuta shi, amma kallon tela bai taɓa koya wa kowa ɗinki ba. Ya rufe amsar da takarda, ya yi tambaya biyar na darasi guda a littafin rubutu, da biro, sannan ya buɗe ya gwada layi da layi. Inda ya kauce ya ja layi, ya rubuta dalilin a gefe: bai san ƙa'idar ba ne, ko alamar ragi ce ta ɓace masa, ko bai fahimci Turancin tambayar ba. Kowanne maganinsa daban. Na farko ya koma littafin darasi, irin su New General Mathematics na aji ɗaya zuwa uku. Na biyu yawan yi ne ke gyara shi. Na uku kuwa aikin malamin Turanci ne. Bayan kwana uku ya sake yin waɗanda ya faɗi ba tare da duba komai ba.

Ga wurare uku da maki ke zubewa ba don rashin sani ba. Yanke lamba tun kafin a gama: sin 35° daidai yake da 0.5736, idan yaro ya mayar da shi 0.6 ya ninka da 250 zai samu 150 maimakon 143.4, makin daidaito ya tafi. Barin ma'auni, wato a rubuta 44 ba a sa cm ko m ba. Sai giraf: idan an ce santimita 2 ta tsaya a madadin 10, ya yi amfani da wannan sikelin, kada ya ƙirƙiro nasa. Ka saya masa littafin giraf da rula da kamfas yanzu, ba daren jarrabawa ba. Rahoton manyan masu duba takardu na WAEC, wanda ke bayyana inda ɗalibai suka gaza tambaya bayan tambaya, yana nan kyauta a shafin hukumar na intanet, kuma ya fi littattafai da yawa da ake sayarwa amfani. Daga saura mako shida, kowace Asabar ya zauna da agogo ya yi cikakkiyar takarda ta shekara guda. Ta NECO ma za ta yi, manhajar kusan ɗaya ce.

TAMBAYA: 'Yata tana aji biyar na firamare, ina so ta shiga makarantar sakandare ta tarayya. An ce in sayi littafin tambayoyin hazaƙa na lissafi da na Turanci. Na saya, amma kuka take yi idan aka buɗe. Daga wata uwa, Kano.

AMSA: Hajiya, waɗannan littattafai suna da amfani, domin jarrabawar shiga makarantun tarayya da NECO ke shiryawa tana da sashen hazaƙar lissafi da na kalmomi, ban da lissafi da Turanci na aji. Amma ba su ake farawa da su ba. Tambayar hazaƙa tana nuna misali ne, kamar 6 da 4 a sama, 24 a ƙasa, a bar yaro ya gano dangantakar. Yarinyar da ba ta haddace sau ba, ba za ta ga 24 ta tuna 6 sau 4 ba, sai ta yi ta zuba wa zanen ido.

Ki gwada ta yau. Ki tambaye ta 7 sau 8, da 9 sau 6. In ta koma ƙirga yatsu, a ajiye littafin hazaƙa mako uku a yi haddar sau har zuwa 12. Ki ba ta 1/2 a tara da 1/3. In ta ce 2/5, ta tara sama da sama, ƙasa da ƙasa ke nan. Amsar 5/6 ce, kuma littafin atisaye na aji huɗu ya kamata ki nema mata. Ba abin kunya ba ne, yawancin kukan da yara ke yi a kan littafi daga an ba su wanda ya fi ƙarfinsu ne.

Idan ta koma kan na hazaƙa, ki koya mata ta gwada ƙa'idar da ta gano a kan duk misalan da aka bayar. Misalin 2 da 2 ya ba da 4 bai nuna tarawa ba ne ko ninkawa, sai na biyu, 3 da 5 ya ba da 15, ya raba gardama. Tambaya goma a rana, minti ashirin, ta wadatar. Ki cire shafukan amsa ki riƙe a wurinki, ki duba mata a ranar, ba ƙarshen mako ba. A lissafin da ya zo cikin labari, ki sa ta faɗa miki labarin da Hausa kafin ta taɓa fensir.

TAMBAYA: Zan rubuta JAMB. Littafi zan saya ko manhajar waya? Daga wata ɗaliba, Bauchi.

AMSA: 'Yata, duka biyun, amma kowanne da lokacinsa. Jarrabawar tambaya 180 ce cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku. In kika raba, daƙiƙa 40 kowace tambaya ta samu. Littafi zai koya miki darasi, ba zai koya miki wannan gudun ba. Ki fara da sauke manhajar karatu ta darussanki huɗu daga shafin JAMB, kyauta ce. Ki yi amfani da littafin da ya jera tambayoyi bisa darasi har ki zagaye manhajar. Watan ƙarshe ki koma kan kwamfuta, ba waya ba in da hali, ki saba da danna A, B, C, D, da N don ci gaba da P don komawa baya, ki kuma saba da ɗan kalkuletan da ke kan allo, tunda ba a shiga da na hannu. In hukumar ta buɗe jarrabawar gwaji, ki yi rajista.

Abu guda game da tsofaffin littattafai na yayye: littafin labarin da JAMB ke sa wa a sashen Turanci yana canjawa bayan 'yan shekaru. Ki tabbatar da na shekararki kafin ki haddace tambayoyin wani labari da aka daina.

TAMBAYA: Ɗalibaina suna cin tambayoyin zaɓi na Turanci, amma sakamako yana fitowa D7 ko E8. Wane littafi zai taimaka? Daga wani malami, Zariya.

AMSA: Malam, ka san inda makin yake. Tambayoyin zaɓi 80 na WAEC maki 40 kacal suke ɗauke da shi. Takardar rubutu kuwa 100 ce: insha'i 50, fahimta 20, taƙaitawa 30. Littafin da ya cika da cike gurbi yana horar da su ne a kan ƙaramin rabo. A insha'i mai kalma 450, maki 10 na tsabtar rubutu ne, kuma ana cire rabin maki a kowane kuskuren nahawu ko harafi ko alamar rubutu. Kuskure 20 ya share goman nan, kuma yaro kan yi su tun bai gama shafin farko ba. Ka nemi littafi mai samfurin wasiƙar hukuma da ta zumunci da maƙala da jawabin muhawara, mai kuma nassoshin taƙaitawa da amsoshinsu cikin cikakkun jimloli. Su rubuta insha'i ɗaya a mako. Ba sai ka gyara kowane kuskure ba: ka ja layi a ƙarƙashi, su nemo gyaran, su sake kwafewa. A taƙaitawa ka hana su kwashe jimlar nassi yadda take, domin ana rage maki a kan hakan.

Takardar furuci, tambaya 60 cikin minti 45, a rubuce ake yin ta, shi ya sa ɗalibai ke haddace alamomin sauti ba su taɓa jin su ba. Kunnen Bahaushe yana haɗa pan da fan, da think da sink, da very da berry. Ka karanta musu irin waɗannan tagwayen kalmomi da murya, minti biyar a farkon kowane darasi, su rubuta wadda suka ji, sannan a buɗe littafi.

TAMBAYA: Ƙanena zai yi BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare a Nijar, shifta ce ke kayar da shi a Faransanci. Daga wani mai karatu, Maraɗi.

AMSA: Ɗan'uwa, ka nema masa Bled, littafin atisayen rubutun Faransanci, na matakin kwaleji, wato ƙaramar sakandare. Tsarinsa ƙa'ida ɗaya ce a sama, atisaye a ƙasa, kuma abin da mai matsalar shifta ke buƙata ke nan. Bescherelle na sarrafa aikatau na dubawa ne, ba zai maye gurbinsa ba. Yawancin kurakuran daga kalmomi masu sauti ɗaya suke. Tsakanin a da à, ya sa avait a wurin: in jimlar ta zauna, a ce marar alama. Tsakanin ƙarshen é da er, ya sa vendu ko vendre ya ji wanda ya dace: in vendu ne, é ce, in vendre ne, er ce. Ka riƙa yi masa shifta ta layi biyar sau uku a mako daga tambayoyin shekarun baya, shi ya gyara da kansa da jan biro yana duban nassin.

TAMBAYA: Na haddace ƙa'idojin nahawun Larabci amma ba na iya i'irabi, wato fayyace matsayin kowace kalma a jimla. Daga wani ɗalibin Islamiyya, Sakkwato.

AMSA: Malam, An-Nahwul Wadih na Ali al-Jarim da Mustafa Amin an gina shi ne don irin wannan: misalai, sai bayani, sai ƙa'ida, sai tamrinai, wato atisaye, masu yawa. Ɗalibai sukan haddace ƙa'idar su tsallake tamrinan. Ka fara daga juzu'in farko na matakin firamare ko da kana ganin ka wuce shi, ka rubuta kowane tamrini da cikakken wasali har na ƙarshen kalma, ka kai wa malami ya duba. Wasalin ƙarshen nan shi ke nuna ko ka gane fa'ili (mai aikatawa) daga maf'uli (wanda aikin ya faɗa wa).

TAMBAYA: Yaya zan gane littafin jabu a kasuwa? Daga wata uwa, Jos.

AMSA: Hajiya, ki ɗaga shafi ɗaya ga haske: in rubutun baya yana ratsowa har ya dame na gaba, ki ajiye. Ki duba zane-zanen lissafi da ƙananan lambobin da ke saman haruffa, irin 2 ɗin da ke kan x², domin su ne ke fara dushewa a bugun sata, kuma da sun dushe tambayar ta zama wata daban. Ki ƙirga shafukan tsakiya ko akwai tsallake, ki duba shekarar bugu da sunan kamfani da adireshinsa. In littafin tambayoyin baya ne, ki sa malamin darasin ya warware goma daga ciki ya gwada da amsoshin baya. In biyu sun saɓa, ki mayar wa mai shago, don haka ki yi sharaɗin mayarwa da shi tun kafin ki biya.