Ɗalibarmu ta kashe kanta, yaya za mu yi da sauran yaran?

Tambaya: Likita, ni ce mataimakiyar shugabar wata makarantar sakandaren 'yan mata ta kwana. Wata ɗalibarmu 'yar aji biyar ta kashe kanta a gida lokacin hutun rabin zango. Yara sun dawo, sai raɗe-raɗi ake yi a ɗakunan kwana. Wasu malamai sun ce mu ja bakinmu mu yi shiru, wasu kuma sun ce a tara kowa a asambuli a yi wa'azi mai zafi. Wanne za mu bi?

Amsa: Malama, Allah Ya jiƙanta, Ya ba ku haƙuri. Gaskiya ban goyi bayan ko ɗaya ba. Yaran sun riga sun ji, shirunku zai bar su ne da jita-jita, ya kuma nuna wa mai irin wannan damuwar cewa ba a faɗa. Taron asambuli kuwa ba ya bari ku ga fuskar da ta canza.

Ku fara zuwa wajen iyayenta, ku yi ta'aziyya, ku ji abin da suka yarda a faɗa. Daga nan a zauna da malamai duka, har da matiron da masu dafa abinci, a tsayar da magana ɗaya. Kowace malamar aji ta sanar da ajinta a taƙaice. Kada a bayyana yadda abin ya faru, kada kuma a ɗora shi kan dalili guda, a ce jarabawa ce ko saurayi ko kishiyar uwa. Abubuwa da yawa ne ke haɗuwa, sau da dama har da ciwon damuwa, wanda ake warkewa daga gare shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sauran yaran da ta bari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 720,000 ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, kuma ita ce ta uku wajen kashe masu shekara 15 zuwa 29. An kuma san cewa matasa kan yi koyi da juna a wannan lamari. Don haka ku sa ido kan aminanta, da wadda gadonta ke kusa da nata, da wadda suka yi faɗa kafin hutu, da duk wadda ta yi rashi kwanan nan. Idan yarinya ta daina cin abinci, ta ware kanta, tana rabar da kayanta ko tana cewa gara ta huta, a kira ta gefe a tambaye ta kai tsaye: "Kina tunanin kashe kanki?" Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, yawanci sauƙi take kawowa. In ta ce e, kada a bar ta ita kaɗai. A kira iyayenta, a kai ta asibiti ran nan. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware, akwai na Dawanau a Kano, babban asibitin da ke kusa ma zai iya tura ku. Ɗakin ajiyar magunguna da sito kuma a kulle su.

Batun addini ba a kauce masa. Haramcin a fili yake, amma mafi yawan malamai sun tafi a kan ana yi wa Musulmin da ya kashe kansa wanka da sallah, hukuncinsa na wurin Allah. Ku nemi malamin da zai faɗi haka da tausasawa, ya ƙara da cewa neman magani ba raunin imani ba ne. Yarinyar da ta ji ana tsine wa ƙawarta ba za ta zo muku da nata ciwon ba.

A yi mata addu'a kamar kowace ɗalibar da ta rasu, ba tare da wani gagarumin taron tunawa ba. A ci gaba da darasi, a sassauta wa masu kuka. Kulawar nan ta watanni ce, musamman dab da jarabawa da ranar da za ta cika shekara. Malamar ajinta ma a riƙa tambayarta yadda take kwana.