Ƙona Shara a Ƙofar Gida

Tambaya: Edita, a unguwarmu ta Kurna ana ƙona shara da yamma, har da ledar ruwa. Shin hakan yana da illa? Daga wata uwargida.

Amsa: Hajiya, illar babba ce, domin hayaƙin leda da roba yana ɗauke da guba mai tsananta asma da tari, musamman ga yara. Ki ware robobi, gwangwani da ƙarafa ki sayar wa 'yan jari-bola, ɓawon kayan miya kuwa ki ba dabbobi. Ragowar a kai inda motocin REMASAB, hukumar kwashe shara ta jihar Kano, suke kwashewa, ba sai an jira Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli ba, kuma kada a zuba a kwata, domin da damina sharar ce take toshe magudanan ruwa.