Ku Tambayi Nas: Gurbin karatu ya samu, allura ta tare ƙofa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Anti Nas. Shekarata 24, kuma Allah Ya sa na samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a a Amurka, za a shiga aji a watan Agusta. Sun turo min fom ɗin lafiya mai shafi huɗu, yau wata biyu ke nan yana cikin jakata ban kai shi ko'ina ba. Suna neman shaidar allurar MMR sau biyu, da wata wai ita Tdap, da ta ciwon hanta, da gwajin tarin fuka. Katin rigakafina na yarinta ya ɓata, Mama ta ce tun wata ƙaura da muka yi ba ta sake sa shi a ido ba. Ni kuma da allura ba ma ga-maciji. Ina shekara 14 aka ɗebi jinina, ban san abin da ya faru ba sai farkawa na yi a ƙasa da ƙulu a goshi, ana yi min fifita. Tun daga ranar ko a talabijin na ga sirinji sai tafin hannuna ya jiƙe. Wani abokina ya ce ya san wanda zai cike fom ɗin ya buga hatimi ba tare da an taɓa ni ba. Don Allah ki ba ni shawara, wata uku ya rage min, kuma kunya ta hana ni faɗa wa kowa a gida. Ɗanki, mai jiran amsa.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Barka da wannan arziki, Allah Ya sa albarka a karatun.

Bari in fara sallamar abokin nan naka. Ka yi masa godiya, ka bar shi da mai hatiminsa. Jami'o'i da dama a can sukan sake gwajin tarin fuka a asibitin makaranta bayan ɗalibi ya isa, wasu kuma idan takarda ta yi musu wari sai su ce a auna jini a gani ko garkuwar da aka rubuta tana nan. Ka ga an gudu ba a tsira ba: allurar da ka guje wa tana jiranka, ga kuma tuhumar takardar jabu a kan sunan baƙon da bizarsa ke rataye da makarantar. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago. Kuma ko ba a kama ka ba, ƙyanda ba ta karanta hatimi. Cuta ce da idan mai ita ya yi tari a ɗaki ya fita, ƙwayar kan iya zama cikin iskar ɗakin har awa biyu, ga shi za ka zauna a aji ɗaya da mutanen ƙasashe barkatai.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne wata biyun da fom ya yi a jaka. Waɗannan allurai suna da ƙidayar kwanaki da ba a yi mata ragi. MMR ta ƙyanda ce da hangum da ƙyandar Jamus a sirinji ɗaya, kuma tsakanin ta farko da ta biyu dole a samu kwana 28 ko fiye. Ko da Mama ta gano katin, akwai yiwuwar ta ƙyanda kaɗai za ka gani a ciki, domin ita zalla aka daɗe ana yi wa yara a ƙasashe da yawa, ba haɗin ukun ba. Ta ciwon hanta nau'in B sau uku ce: yau, bayan wata ɗaya, sai ta ƙarshe a wata na shida. Ba za ka gama ta kafin Agusta ba, amma kada hankalinka ya tashi, makarantu sukan karɓi shaidar cewa an fara, a ƙarasa a can. Ka rubuta wa ofishin lafiyar ɗalibai na jami'ar ka tambaye su, su ne masu hukunci, domin sharuɗɗan nan na makaranta ne da na jihar da take, kowace da nata. Tdap sau ɗaya ce, tana kare mutum daga sarƙewar haƙora da mashaƙo da tarin shiƙa. Idan a ɗakin kwanan ɗalibai za ka zauna, wataƙila su ƙara da ta sanƙarau.

Ɓatan kati ba ya hana komai. Ko dai a ɗebi jini a auna garkuwar da ke jikinka, a kai sakamakon a matsayin shaida, ko kuma a yi alluran daga farko kamar ba a taɓa yi ba. Maimaitawa ba ta da illa ga mai lafiya. Ga mai irin matsalarka ni na fi son ta biyun, saboda idan awon ya nuna babu garkuwa, an huda ka a banza, kuma allurar tana nan daram.

Akwai wani tsari da mutane kan rikita, ka riƙe shi da kyau. Gwajin tarin fuka a fara yin sa, ko a yi shi rana ɗaya da MMR. Idan aka riga aka yi MMR, sai an jira mako huɗu, domin takan dusashe sakamakon na ɗan lokaci. Sannan ka duba damtsenka, in akwai ɗan tabon lamba, to an yi maka BCG, allurar rigakafin tarin fuka, kana jariri, kuma ita takan sa gwajin tarin fuka na fata ya kumbura ko da ba ka ɗauke da komai. Saboda haka ka nemi na jini, wanda za ka ga an rubuta IGRA ko QuantiFERON a fom ɗin. BCG ba ta ruɗa shi, kuma zuwa ɗaya ne, ba kamar na fata ba da sai ka koma bayan awa 48 zuwa 72 an duba. Jinin da ake ɗiba wa QuantiFERON mililita 4 ne, bai cika ƙaramin cokali ba, a jikin da ke ɗauke da kusan lita biyar.

In ka lissafa, zama biyu ne kafin ka tashi. Ranar farko ɗibar jini da allurai uku, a raba su tsakanin hannu biyu. Bayan wata ɗaya, allurai biyu. Shi ke nan.

Yanzu mu zo kan sumar, wadda ita ce asalin wasiƙar.

Ina shekarar farko a makarantar jinya aka sa mu koyon ɗibar jini a jikin juna. Na ɗaure wa ƙawata roba a hannu, na lalubi jijiya, na samu, na ɗiba lafiya lau har malamar ta gyaɗa kai. Da aka juyo kaina, ina kallon jinina yana hawa cikin sirinji sai na ji kunnuwana sun toshe kamar an tsoma kaina a ruwa, fitilar ɗakin ta yi nisa. Na farka ƙafafuna a kan kujera, hular kaina a ƙarƙashin tebur. Yau shekaruna a aikin nan sun fi naka a duniya, kuma har gobe idan za a ɗebi jinina kwanciya nake yi. Na ga ƙarti majiya ƙarfi sun sulale daga kujera, na ga 'yar tsohuwa ta miƙa hannu tana ba ni labarin jikokinta. Abin ba ya bin girman jiki ko ƙarfin zuciya.

Ga abin da ke faruwa. Da farko tsoro kan sa zuciya ta yi ta bugawa da sauri. Can sai jiki ya taka burki fiye da kima: bugun ya ragu, jijiyoyin jini su saki, jini ya taru a ƙafafu, wanda ke isa ƙwaƙwalwa ya yi kaɗan. Sai jiri, gumi mai sanyi, tashin zuciya, duhu. Da zarar mutum ya kwanta, jini ya koma kai, ya farfaɗo, galibi kafin minti ɗaya. Sumar kanta ba ta cika yin lahani ba. Faɗuwar ce ke fasa goshi, kai ma shaida ne. Wanda kuwa yake kwance a gado ba shi da inda zai faɗa.

Don haka maganar farko da za ta fita daga bakinka bayan gaisuwa ita ce: "Sista, ina suma idan za a yi min allura, ina so in kwanta." Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Babu ma'aikacin jinya mai hankali da zai yi maka dariya, godiya ma za mu yi, don ɗaga ƙato daga ƙasa ba ƙaramin aiki ba ne. In ka haɗu da mai gatsali, kuma akwai su a cikinmu, ba zan ɓoye ba, ka nemi wani.

Sannan akwai dabarar da wani masanin halayyar ɗan Adam a Suwidin, Lars-Göran Öst, ya fito da ita a shekarun 1980 musamman don masu suma. Mutane kan ce wa mai tsoro ya saki jikinsa. Ga mai suma wannan shawarar a juye take, domin sakin jiki ne ke ƙara sauke jinin. Kai ɗaure jiki za ka yi. Ka zauna, ka ƙanƙame tsokar cinyoyi da ɗuwawu da ciki da ƙarfi na daƙiƙa 10 zuwa 15, har ka ji ɗumi ya hau fuskarka. Ka sassauta na daƙiƙa 20 zuwa 30, ba sakin gaba ɗaya ba, ka koma yadda kake. Ka maimaita sau biyar. Kada ka riƙe numfashi. Ka riƙa yi sau uku a rana har mako guda kafin ranar, don jiki ya saba, kuma ka fara tun kana layi. Hannun da za a huda shi kaɗai za ka bari a sake, in ba haka ba zai fi zafi. Mai hawan jini ya tambayi likitansa kafin ya fara.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Kada ka je da yunwa, gwaje-gwajen nan ba sa buƙatar a ƙi cin abinci, kuma ka sha ruwa sosai. Ka nemi zuwa da sassafe don kada dogon jira ya cinye ka. Ka kau da kai, ka ce kada a ƙirga maka ɗaya, biyu, uku. Akwai man shafawa mai kashe zafin fata irin su EMLA, ana shafa shi awa guda kafin lokaci a rufe da filasta, ka tambayi mai harhaɗa magani. Bayan an gama ka ci gaba da kwanciya, kada ka bar wurin sai bayan minti 15. Kuma ka je da wani. Na san ka ce kunya, amma ka faɗa wa Mama. Ita da ta riƙe ka aka yi maka na jarirai, ba yau ta fara ganin hawayenka ba.

Idan ka gwada duk wannan ƙafarka ta ƙi shiga ƙofar asibiti, akwai masu ba da magani ta hanyar sabo a hankali: kallon hoto, riƙe sirinji marar allura, zama a ɗakin ɗibar jini, har a kai ga ainihin abin. Yana aiki, kuma ba ya ɗaukar dogon lokaci. Amma a fara a makon nan.

TAMBAYA: Malama, barka da aiki. 'Yata za ta Ingila karatun shekara ɗaya tare da mijinta, an ce sai ta yi hoton ƙirji kafin biza, ga shi tana da ciki wata huɗu. Hankalina bai kwanta ba. Wata uwa.

AMSA: Hajiya, barka kadai, Allah Ya raba lafiya. Dokar Birtaniya ita ce duk wanda zai zauna wata shida ko fiye, kuma ya fito daga ƙasashen da ke jerin masu yawan tarin fuka, sai ya kawo takardar gwaji daga asibitin da gwamnatinsu ta amince da shi. Na wani asibiti, komai kyansa, ba sa karɓa. Mai ciki tana da zaɓi uku: a yi hoton da ƙarin kariya a kan ciki idan ya wuce wata uku, ko ta ba da kaki a auna, ko ta jira har ta haihu. Hasken da ke cikin hoton ƙirji ɗaya kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa aka yarda da shi. Na kaki babu haske ko kaɗan, sai dai ana bayarwa safiya uku a jere, kuma sakamakon kan kai mako takwas. Takardar kuma wata shida take aiki, don haka kada a yi ta da wuri har ta mutu kafin a nemi biza. Ta faɗa musu tana da ciki tun wajen neman rana, ta kuma shawarci likitan da take awo a wurinsa. Abu ɗaya da za ki ja mata kunne a kai: ba a yi wa mai ciki MMR, sai bayan ta sauka.

TAMBAYA: Anti, an yi min allurar shawara a 2013, a katin an rubuta shekara goma. Zan tafi Indiya karatu. Sai na sake? Ɗalibi.

AMSA: A'a, ɗana. Tun 11 ga Yuli 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shaidar allurar shawara ta har abada, har da katunan da aka bayar kafin ranar. Idan hukumar da ta ba ka katin ta sauya samfurinsa, ka je da tsohon a sabunta maka. Indiya ba ta wasa da wannan: wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar ba tare da sahihin kati ba, ana iya killace shi har kwana shida. Wanda kuma bai taɓa yi ba ya sani katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da allurar. Ka duba sunan da ke katin ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi, ka ɗauki hotonsa a waya, ka sa shi cikin fasfo, ba cikin akwatin da za a auna ba.