Ina sayar da garin kunun yara, amma tsintar gyaɗa ta fi ƙarfina

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Daga wani ƙauye nake kusa da Ringim. Ƴaƴana uku, autan watansa bakwai, kullum yana bayana. Ina haɗa garin kunun yara da na masu jego, gero da waken suya da gyaɗa, ina ƙullawa a leda ana saye ranar awo da gidajen suna. Abin da ke kashe ni tsintar gyaɗa: kwano biyu sai su cinye mini yini, ga girki, ga kukan yaro. Uwar mijina ta ce wahalar banza nake, in riƙa sayen ta ƙasan buhu mai araha, tunda soyawa ake yi wuta za ta kashe ko mene ne. Hankalina bai kwanta ba. In daina tsintar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ki daina, ƴar'uwa. Ki gaishe mini da Inna, amma a wannan maganar ba ta yi daidai ba, kuma ba ita kaɗai ba ce. Kusan duk ranar awo sai na ji wannan "ai wuta ta kashe" daga bakin wata, har na gaji.

Wuta tana kashe fumfunar da ke kama lalatacciyar gyaɗa, gaskiya ne. Sai dai kafin ki ɗora kasko fumfunar ta riga ta zuba dafinta a cikin ƙwayar, wanda ake kira afulatoksin, shi kuwa ba abu ne mai rai ba balle ya mutu. Suya na rage wani kaso, saura ya bi gyaɗar zuwa injin niƙa, ya gauraye da garin gaba ɗaya. Ƙwaya kaɗan sun isa su ɓata kwano. An gano dafin ne bayan da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, saboda abincinsu da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. A 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya daga cin masara mai shi. Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ba ya kayar da kowa nan take. Yaro ya sha kunu yau, gobe, jibi, babu amai babu gudawa, dafin yana cin hanta a hankali. An tabbatar yana jawo kansar hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B, kuma an danganta shi da tsumburewar yara. Mai jegon da ta sha ma, yana bi ta nono ya isa ga jariri. Uwa ta ɗauki kuɗinta ta sayi abin da zai gina ɗanta, a ba ta wannan? Kuma wanda ya tara lalatacciyar gyaɗa ya karya mata farashi a kasuwa ya san abin da yake sayarwa, kada ya ce miki bai sani ba.

Waken suya ne wuta ke gyarawa: in bai soyu sosai ba yana hana ciki narkar da abincin, yaro ya yi ta kumburin ciki. Watakila daga nan ruɗanin ya samo asali.

Zuba gyaɗar a faifai da hasken rana, ba da fitilar waya ba. Duk wadda ta motse, ko ta fashe, ko ƙwaro ya huda, ko ta yi kore-kore ko baƙi, fitar da ita. In kin soya sama-sama kin murje ɓawon kin sheƙe, sake dubawa, domin a lokacin ne tabon da ke ɓoye yake fitowa fili. Wadda kika cire a binne ta. Kada ta koma ƙuli-ƙuli, kada a ba akuya.

Maganar lokaci kuma, rabon aiki za ki yi. Ware rana guda a mako ta tsinta da suya, ki ɗauki maƙwabciya ki biya ta a kan kowane kwano, kuɗin ya shiga farashin ƙulli. In kin ɗauki adashe da kaka, sayi busasshiya a kasuwar Gujungu, ki ɗora buhun a kan katako nesa da bango, ba a ƙasan ɗaki inda danshin damina zai same shi ba. Gari kuma a niƙa na mako biyu kawai.

Ki rubuta a jikin leda cewa daga wata shida ne zuwa sama. Za a zo a ce miki nono bai isa ɗan wata uku ba, a ba shi kunu. Ki hana, ko da cinikin zai wuce ki. Yaron da kika ga ya rame ƙwarai ko ƙafafunsa sun kumbura, na asibiti ne, a auna damtsensa a ba shi maganin tamowa kyauta. Rajistar NAFDAC kuwa, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ranar da kika fara kai kaya shagunan Dutse ko Kano sai mu zauna a kanta.