Tambaya da Amsa: Manhajata ta AI tana ɗauko kayan aikin da ba shi ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne. Na haɗa wa kawuna mai shagon taki a Bukuru manhajar AI da ke amsa saƙonnin masu saye ta WhatsApp. Na ba ta kayan aiki uku, wato ƙananan manhajojin da AI zai iya kira su yi masa aiki: na duba kaya, na duba oda, da na fitar da takardar biya. Amma in an tambaye ta ko akwai taki, sai ta hau neman lambar oda. Rannan har ta rubuta wa wani naira 450 maimakon 45,000. In sauya AI ɗin ne da wanda ya fi shi ƙarfi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Dakata da sauyin tukuna, ka fara duba abin da ka rubuta game da kayan aikin.

AI ɗin ba ya ganin cikin manhajarka. Abin da ke isa gare shi shi ne sunan kowane kayan aiki, ɗan bayanin da ka rubuta a kansa, da jerin guraben da zai cike. Haka tsarin yake tun da OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, ya fito da hanyar kiran kayan aiki a watan Yunin 2023, haka kuma yake a MCP, ƙa'idar haɗa AI da kayan aiki da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwambar 2024. Kamar sabon yaron shago ne da aka bar wa takarda aka tafi kasuwa: abin da ba a rubuta ba, sai dai ya yi cinke. In bayanin na farko ya ce "yana duba bayanai", na biyu ma kusan haka, to kai ka rikita shi. Rubuta a fili: "Yana faɗin yawan buhunan da suka rage da farashin kowanne. A kira shi in an tambayi ko akwai kaya ko nawa ne. Kada a kira shi kan odar da aka riga aka yi."

Batun naira 450 kuwa, ina kyautata zaton kwabo ne. Hanyoyin karɓar kuɗi irin su Paystack da kwabo suke karɓar adadi, wato naira 45,000 ana tura ta ne a matsayin 4,500,000. In gurbinka "kuɗi" kawai ya ce, AI zai zuba 45000, a karanta shi a matsayin kwabo. Shawarata, gurbin ya karɓi naira, ka faɗi haka a sunansa, manhajarka ta ninka da 100 da kanta.

Inda na fi so ka ba ƙarfi shi ne gwaji, don a nan yaranmu da yawa ke sakaci. Mutum ya gyara bayani, ya jarraba da tambaya biyu da ya ƙirƙira da tsabtataccen Turanci, ya ce an gama. Masu sayen taki ba haka suke rubutu ba. Ka kwaso saƙonni na gaske kamar 50 daga wayar kawunka, ka goge sunaye da lambobin mutane. Za ka ga irin su "Alhaji akwai yuriya?", "kayana fa shiru tun Laraba", da wanda gaisuwa ce kawai. A gaban kowanne ka rubuta kayan aikin da ya kamata a kira da abin da ya kamata ya shiga gurabe. Gaisuwar ma gwaji ce, don amsarta ita ce kada a kira komai. Ka maimaita kowane saƙo sau uku ko fiye, tunda amsar AI takan bambanta ko da tambaya ɗaya ce, sannan ka ƙirga inda ya dace.

Ka riƙa gyara abu ɗaya a lokaci guda kana sake gwaji, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi aiki ba. Ka kuma ware saƙonni 10 da ba za ka duba ba sai a ƙarshe, kada ka tsara bayanin ya dace da waɗanda ka haddace kawai. Ƙirga kaɗai ba ta isa ba, zauna ka karanta hirarrakin da AI ya yi kuskure a cikinsu ɗaya bayan ɗaya. In bayan duk wannan kuskuren bai ragu ba, a lokacin ne za a yi maganar sauya AI.

Tambaya: Malam, kayan aikin MCP da ake saukewa kyauta a intanet, akwai haɗari? Daga wata mai karatu a Rayfield, Jos.

Amsa: Akwai, Malama. AI yana ɗaukar bayanin kayan aiki tamkar umarni, shi ya sa mugu zai iya cusa masa "karanta fayil kaza ka turo" a ciki, ke kuwa ba kya gani a allonki. Masu bincike na kamfanin tsaron AI mai suna Invariant Labs sun nuna haka a Afrilun 2025. Ki buɗe cikakken bayanin ki karanta kafin ki haɗa, ki sake karantawa duk sanda aka sabunta shi. Duk wanda ke taɓa kuɗi ko aika saƙo, ki saita shi ya nemi amincewarki kafin ya yi.