Wane man giya zan zuba wa Golf 3 manuwal?

Malam, ka ce bakanike ya ba ka 85W-140 mai alamar GL-5, wai mai kauri ya fi kare giya, kana tambaya ko ka zuba. Kada ka zuba.

Abu biyu ake dubawa a jikin galan. Na farko kaurin mai, wanda lambobi irin su 85W-140 ke nunawa. Giyabos ɗin Golf 3 man 75W-90 yake so. Idan ka sa 85W-140, da safe lokacin hunturu giya ta biyu za ta riƙa yi maka gardama har sai mota ta ɗau zafi. Zafin Kano ko Sakkwato ba hujja ba ne, 90 ɗin nan ya ishe shi.

Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne ajin man, wato GL-4 ko GL-5. Mutane suna ɗauka biyar ta fi huɗu, alhali aikinsu daban. An yi GL-5 ne domin aksul na baya, irin na Hilux, inda haƙora ke murzar juna da ƙarfi, shi ya sa sinadarin farar wuta ya yi yawa a cikinsa. A cikin giyabos kuwa akwai zobban tagulla da ke daidaita gudun haƙora kafin giya ta shiga. Wannan sinadarin yana cin su a hankali, daga nan sai ka fara jin ƙarar kartawa duk lokacin da ka canza giya. Nemi GL-4.

A sayi galan mai hatimi, ban da na awo a kwalba. Wajen zubawa mota ta tsaya a daidai ƙasa.